Filin Jama'a Amana Ne: Jawabi a Kan Tsarin Gari da Wurin Ajiye Motoci a Birnin Ikko



Abin da aka ɗora mini in yi magana a kansa shi ne yadda hukumomin gari ke tsara filayen gwamnati sa'ad da aka tashi sake gina su, wato inda za a sa ofisoshi da ɗakunan taro da kotuna, da kuma inda za a ajiye motocin masu zuwa wurin. Zan tsaya a kan tsibirin Ikko, domin a ƙasar nan babu inda ƙasa ta yi tsada, mota kuma ta yi yawa, kamar nan. Maganar da nake so ku riƙe ita ce: filin gwamnati amanar jama'a ne, kuma ma'aunin kowane tsari da aka kawo a kansa shi ne yawan mutanen da za su amfana da kowane taku na filin.

Bari mu fara da filin da kowa ya sani, wato Dandalin Tafawa Balewa. Asalinsa filin sukuwa ne, wanda Oba Dosunmu ya ba Turawa a 1859. A nan ne aka sauke tutar Ingila aka ɗaga ta Nijeriya ranar 1 ga Oktoba, 1960. A 1972, zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon, aka sake gina shi ya zama dandali mai faɗin hekta goma sha huɗu da rabi, mai ɗaukar mutum wajen dubu hamsin. A ginin da ke jikinsa ne Majalisar Dokokin Tarayya ta zauna daga 1979 zuwa 1983. Ga fili, ga gine-ginen hukuma, ga wurin taro, duk a wuri guda, a tsakiyar gari.

To, sai dai a 1976 an riga an zartar da dokar kafa sabon babban birni, kuma ranar 12 ga Disamba, 1991, gwamnati ta ƙaura zuwa Abuja. Da ma'aikata suka tashi, sai manyan gine-ginen Tarayya da yawa a Ikko suka rasa mai kula da su. Babban misali shi ne Sakatariyar Tarayya ta Ikoyi. An sayar da ita ga wani kamfani a 2006 don a mai da ita gidajen kwana, Gwamnatin Jihar Legas ta ce ba ta yarda da wannan sauyi ba, aka shiga shari'a, ginin ya shafe shekara da shekaru ba kowa a cikinsa, alhali kuwa dubban mutane na neman ɗaki ɗaya a garin. Darasin da ke nan a fili yake. Duk wanda zai gina wa hukuma gida a filin jama'a, wajibi ne ya amsa tambaya biyu tun ba a haƙa tushe ba: wa zai biya kuɗin gyaransa kowace shekara, kuma me za a yi da shi in masu shi sun tashi?

Akwai kuma batun iko, wanda ya kamata kowa ya fahimta. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa dukkan ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna, ya riƙe ta amana domin amfanin 'yan Nijeriya baki ɗaya, ban da filayen da ke hannun Gwamnatin Tarayya da hukumominta. Ta kuma ba shi ikon karɓe fili daga hannun mai shi idan akwai bukatar jama'a da ta rinjaya, tare da biyan diyyar abin da aka gina ko aka shuka a kai. A 1992 Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar tsara birane da yankuna ta ƙasa duka, amma a 2003 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, a ƙarar da Jihar Legas ta shigar, cewa tsara gari da ba da izinin gini hurumin jihohi ne, ko da filin na Tarayya ne. Ma'anar wannan ita ce, a Ikko fili ɗaya na iya samun mai shi daban, mai ba da izini daban. In ba su zauna sun daidaita tun farko ba, filin ne ke zama kufai, talaka ne ke asara.

Yanzu sai mu juya ga mota, wadda ita ce ke cin fili fiye da yadda mutane ke zato. Wurin tsayawar ƙaramar mota ɗaya yakan kai mita biyu da rabi a faɗi, mita biyar a tsawo. In aka haɗa da hanyar shiga da ta juyawa da ta fita, masu zanen gini sukan lissafa mita murabba'i 25 zuwa 30 ga kowace mota. Hekta ɗaya mita murabba'i 10,000 ce, saboda haka ba za ta ɗauki fiye da mota 330 zuwa 400 ba. Ku yi lissafin da kanku: da za a shafe Dandalin Tafawa Balewa gaba ɗaya da kwalta, motar da zai ɗauka ba za ta kai dubu shida ba, a wurin da mutum dubu hamsin ke taruwa. Har ila yau, filin da mota ɗaya ke kwana a kai tun safe har la'asar ya isa a kafa rumfar kasuwa uku, kowace tana ciyar da gida guda.

Wani zai ce, to ai masu mota ma 'yan ƙasa ne, dole su sami inda za su tsaya. Gaskiya ne, ba kuwa mai musun haka. Alƙali da likita da mai sayayya a Balogun duk suna da hakki, haka nan motar kashe gobara da ta ɗaukar marasa lafiya da ta kawo kaya. Amma a tuna cewa gada uku ce kawai ke haɗa tsibirin da ɓangaren tudu: ta Carter, da ta Eko, da gada ta uku wadda aka ƙare a 1990. Kowane sabon wurin ajiye mota na kyauta da aka buɗe a tsibirin, gayyata ce ga wata mota ta hau ɗaya daga cikin gadojin nan. Haka ake ƙara fili, cunkoso na ƙaruwa, sai a sake neman wani filin.

An sha gwada dabaru. A 1977 aka raba motoci gida biyu bisa ga lambobinsu, kowane kashi da ranakun da zai shiga tsibirin. Da farko hanya ta ɗan yi sauƙi, amma ba a jima ba masu hali suka sayi mota ta biyu mai ɗaya lambar, suka ci gaba da shiga kullum, aka bar mai mota ɗaya da bin doka. A 1983 Gwamna Lateef Jakande ya ƙaddamar da aikin jirgin ƙasa na cikin gari, amma gwamnatin soja ta soke shi a 1985. Sai a 2008 aka fara manyan motocin BRT masu hanyarsu ta kansu daga Mile 12 zuwa CMS, sa'an nan a watan Satumba na 2023 jirgin ƙasa ya fara ɗaukar fasinja daga Marina zuwa Mile 2. Shekara arba'in ke nan tsakanin alkawari da cikawa, kuma a tsawon wannan lokaci bakin ruwan Marina, wanda ya dace ya zama wurin shan iskar dukan gari, ya zama wurin shanya motoci a rana.

Masana tsarin gari sun daɗe da gano maganin abin. Wani shehun malami a Amurka, Donald Shoup, ya nuna a littafinsa na 2005 cewa ajiye mota kyauta ba kyauta ba ce, domin wanda ba shi da mota ma yana biya, ta hanyar haraji da tsadar haya da tsadar kaya. Shawararsa ita ce a sa kuɗi daidai gwargwadon da zai bar wuri ɗaya ko biyu a sake a kowane layi, a kuma kashe kuɗin da aka tara a unguwar da aka tara shi. In an yi haka, mai uzurin rabin sa'a zai sami wuri, mai niyyar wuni kuwa zai gwammace ya hau bas ko jirgi. Inda kuma ya zama tilas a tanadi wuri mai yawa, gara a yi bene mai hawa-hawa a gefen gari kusa da tasha, ko da yake gininsa ya fi shimfiɗa kwalta tsada nesa ba kusa ba, a bar ƙasan benen ga kantuna, a bar tsakiyar fili ga masu tafiya a ƙasa.

Jama'a, akwai abin da ya fi mota da bene nauyi, shi ne mutanen da ake tararwa a kan filin. A 1928 aka kafa hukumar raya birnin Ikko bayan annobar da ɓeraye suka yaɗa a garin. A 1955 hukumar ta fara rushe tsofaffin unguwannin tsakiyar tsibirin, ta kwashe mazaunansu zuwa Surulere. Gidajen da aka ba su sun fi na da tsabta, amma wani Bature mai binciken zaman jama'a, Peter Marris, ya bi sawunsu, ya nuna a littafinsa na 1961 cewa da yawa sun rasa ciniki, domin an raba su da kasuwa da abokan hulɗa, ga kuɗin mota kullum, dangi kuma sun warwatse. Mafi muni shi ne abin da ya faru a Maroko a watan Yulin 1990, inda aka ba da wa'adin kwana bakwai, sa'an nan aka rushe unguwar da aka ƙiyasta mazaunanta sun kai dubu ɗari uku. Filin daga baya ya zama unguwar masu hannu da shuni. In an ce an karɓi ƙasa don bukatar jama'a, to, ya kamata a ga jama'a a kanta bayan an gama aiki.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye. 'Yan'uwanmu da ke Obalende da Idi-Araba da Agege da Mile 12, masu suya da masu gwari da masu ɗinki da masu dako, yawancinsu a gefen tasha da bakin kasuwa da filayen hukuma suke neman abinci. Su ne farkon waɗanda sabon tsari ke taɓawa, su ne kuma ƙarshen waɗanda ake tambaya.

Ba kuwa a rasa misalin alheri ba. Tsohon kurkukun Titin Broad, inda aka taɓa tsare Herbert Macaulay da Cif Obafemi Awolowo, ya daɗe a yashe bayan an daina amfani da shi. Wani mai zanen gini, Theo Lawson, ya kawo shawarar a mai da shi wurin shaƙatawa da tunawa da tarihi, aka buɗe shi a 2010 da sunan Freedom Park. Fili ne ƙarami, wanda da an shafe shi da kwalta motoci kaɗan ne za su cinye shi, amma ga shi ya zama wurin wasanni da taro da hutawar ma'aikata a tsakiyar hayaniyar gari.

Saboda haka ina ba da shawara huɗu ga hukumomi, ina kuma roƙon shugabanninmu su riƙe su a duk zaman da aka kira su. Na farko, a liƙa taswirar kowane tsari a ofishin ƙaramar hukuma, a bayyana shi da Turanci da Yarbanci da Hausa da Ibo, a ba da lokacin kawo ƙorafi kafin a rattaba hannu a kan kwangila. Na biyu, a ƙirga masu sana'a a wurin, a rubuta sunayensu, a gama gina inda za su koma kafin a taɓa rumfa ɗaya, kuma wurin ya kasance inda ciniki yake. Na uku, a fara da tasha da hanyar masu tafiya a ƙasa da inuwa da banɗaki da famfo, sa'an nan a zo kan wurin ajiye motoci, a sa masa kuɗi da rasit, a riƙa sanar da abin da aka tara. Na huɗu, in za a haɗa kai da 'yan kasuwa, a ba su haya mai wa'adi da sharuɗɗa a rubuce, kada a sayar musu da filin, domin ƙasar da ta fita hannun jama'a da wuya ta dawo.

Mu ma akwai namu aikin. Ƙungiyoyin kasuwa da na direbobi su tanadi rajistar 'yan ƙungiya da takardun harajin da suke biya, su naɗa mutum biyu ko uku masu ilmi da za su riƙa bin sanarwar hukuma, su halarci taron sauraron ra'ayi da hujja a hannu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ranar da katafila ta iso, lokacin magana ya wuce.

Shugaban taro, a nan zan dakata domin a sami damar yin tambayoyi.