Ciwon Damuwa da Maganinsa a Asibitocinmu na Karkara

 

An umarce ni, a matsayina na ma'aikacin lafiya, in yi bayani a kan ciwon damuwa da magungunansa. Zan fara da abin da idona ya sha gani. Malami yakan zo asibiti da ciwon kai, da kasala, da rashin barci. A ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro, ya dawo a ce taifot ne. Ba wanda ya tambaye shi yaushe rabonsa da farin ciki, alhali aji ya gundure shi, ciyawa ta cinye masa gero bai iya ɗaga fartanya ba. Wanda ya shafe mako biyu ko fiye cikin ƙunci irin wannan, mai yiwuwa ciwon damuwa ke gare shi. Cuta ce da ake warkewa, ba raunin imani ba.

A Ingila, takardun maganin damuwa da aka rubuta sun tashi daga miliyan 36 a 2008 zuwa kusan miliyan 71 a 2018, galibi daga hannun likitocin unguwa, har ana muhawara ko abin ya yi yawa. Mu kuwa kukanmu na rashi ne. Tun 1991 Nijeriya ta sanya lafiyar ƙwaƙwalwa cikin kiwon lafiya matakin farko, amma likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan ba su kai 300 ba. Mutumin Kunchi ko Makoɗa sai ya niƙi gari zuwa asibitin Dawanau ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: mai damuwa ya nufi kemis neman ƙwayar barci, wani ya faɗa taramol, wani kodin, wanda gwamnati ta hana shigo da shi da sarrafa shi a maganin tari a 2018.

Sauyi ya fara. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin mhGAP domin koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane wannan ciwo da yi masa magani. A Janairun 2023 kuma aka sanar da sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958.

Magunguna biyu shirin ya fi dogara da su: amitiriftilin da fuloksetin. Ina roƙo ku riƙe ƙa'idodinsu. Ba a fara su ga damuwa mai sauƙi. Wannan shawara da tallafin dangi take buƙata. Ba sa aiki dare ɗaya, sai an yi makonni. Bayan an samu sauƙi, akan ci gaba da sha wata 9 zuwa 12, kuma ba a dainawa farat ɗaya. Amitiriftilin yana sa barci da bushewar baki, yawansa kuma yana iya tsayar da zuciya, don haka a nesanta shi da yara. Ba a ba yaron da bai kai shekara 12 ba waɗannan magunguna.

Malamai, ku ne kuke ganin juna kullum. Idan abokin aiki ya yi shiru fiye da yadda kuka san shi, ku zauna da shi, ku raka shi asibiti, kada ku ba shi ragowar maganinku. Idan ya ambaci gajiya da rayuwa, a kai shi a ranar, kada a bar shi shi kaɗai. Addu'a da magani ba sa karo da juna.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya yi wa aikinku albarka.