Gajiyar Ma'aikatan Jinya Da Amanar Ran Maras Lafiya

Yau za mu yi magana ne a kan masu kwana a tsaye a kan marasa lafiyarmu, wato ma'aikatan jinya.

Mun saba idan aka yi kuskuren magani a asibiti mu ce sakaci ne, alhali sau da yawa gajiya ce da yawan aiki. A shekarar 2002 an wallafa wani bincike da aka yi a asibitoci 168 na jihar Pennsylvania ta Amurka. An gano cewa duk maras lafiya ɗaya da aka ƙara wa nas, haɗarin mutuwar waɗanda aka yi wa tiyata yana ƙaruwa da kashi 7 cikin ɗari. Wannan a ƙasar da ke da wadata ke nan. To, ina ga namu asibitocin, inda ƙwararru ke ta ficewa zuwa Ingila da Saudiyya, a bar nas ɗaya ko biyu da ɗaki guda cike da gadaje?

Kafin nas ta ba da magani, wajibi ne ta tabbatar da abubuwa biyar: mai maganin, sunan maganin, adadinsa, hanyar ba da shi, da lokacinsa. Wannan aiki ne mai bukatar natsuwa. Wani bincike na shekarar 2010 a asibitoci biyu na Ostareliya ya nuna cewa duk sanda aka katse nas tana cikin wannan aiki, kuskure yana ƙaruwa da fiye da kashi 12 cikin ɗari.

A nan ne maganar ta dawo kanmu. Mu ne muke cika ɗaki da sunan dubiya, mu tsayar da ita da tambayoyi tana riƙe da allura. Mu ne kuma muke ɓoye mata maganin gargajiyar da muka ba maras lafiya a gida.

Don haka, mu kiyaye lokacin dubiya. Mu bari ta gama rabon magani sannan mu yi tambaya. Mu faɗi duk abin da maras lafiya yake sha, da wanda jikinsa ba ya karɓa. Mu bar 'ya'yanmu mata su karanci aikin jinya, mu kuma matsa wa hukuma ta ɗauki ma'aikata, ta biya su haƙƙinsu a kan kari. Rai amana ne, za a kuwa tambayi kowa gwargwadon abin da ke wuyansa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri.