JAWABI GAME DA CUTAR BUSHEWAR RASSAN ITATUWAN ƘAWA



Sau da yawa maigida yakan wayi gari ya tarar reshe guda na mangwaron ƙofar gidansa, ko na shingen furannin makaranta, ya yi yaushi, ganyensa ya ƙone amma bai zuba ba, alhali sauran itacen kore shar. Akan ɗora wa gara laifi. Galibi kuwa gara ta tarar da gawa ne kawai. Mai kisan wata irin fumfuna ce wadda ido ba ya gani, masana suna kiranta Lasiodiplodia theobromae. Ita ce kuma take addabar koko da kashu da lemo a kudancin ƙasar nan.

Wannan cuta ba ta cika cin lafiyayyen itace ba. Takan kwanta a cikinsa shiru, sai ƙishirwar bazara ta galabaita shi sa'an nan ta tashi. Ƙofar shigarta ita ce rauni, watau saran adda, ko ƙusar da aka kafa, ko inda akuya ta ɓare ɓawo, ko ƙunar wutar shara. Ruwan damina da iska su ke yaɗa irinta. In ta shiga sai ta toshe hanyoyin da ruwa ke bi, reshe ya soma mutuwa daga kai yana gangarowa gindi. A mangwaro har ƙaro yakan tsattsafo. Wanda ya yanka reshen zai ga duhu ya ratsa farin itacen.

Reshen da ya mutu ba shi da magani. Sai a yanke shi ranar da babu ruwa, a sauko kamar taƙi guda, wato santimita 20, ƙasa da inda duhun ya tsaya, har a iske farin itace. A yi da zarto mai kaifi, gama sara da gatari sabon rauni ne. Kafin a koma wani itacen a wanke zarton cikin ruwan bilic, kashi 1 cikin kashi 9 na ruwa. A nan ne ma'aikatan lambu suka fi sakaci. Rassan kuwa a ƙone su nesa, kada a jibge su a gindi.

Feshin maganin da ake haɗawa da jan ƙarfe yana kare sabon yanka, amma ba ya kai wa fumfunar da ta riga ta shige ciki. Abin da ya fi shi amfani shi ne ban ruwa mai ƙosarwa sau ɗaya a mako daga Maris zuwa saukar damina, da shimfiɗa busasshiyar ciyawa kewaye da itacen ba tare da ta taɓa gindinsa ba. In duhun ya kai ga gangar jikin itacen, a nemi malamin daji na yankin kafin iskar farkon damina ta kayar da shi kan gida.