Tarihin Mallakar Masana'antar Jan Bulo da Tayil ta Mangalor: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Shekara



Muna neman izini mu ɗauke ku zuwa nesa da gida, can gaɓar tekun yammacin Indiya, domin mu bi tarihin wata masana'anta da ke gasa yumɓu tana fitar da jan bulo da tayil ɗin rufi, wato faifan gasasshen yumɓu da ake jerawa a kan ɗaki a maimakon kwano ko ciyawa. Tambaya ɗaya muke so mu riƙe har ƙarshen jawabi: wane ne mai ita, kuma wa ya yanke hukuncin haka?

Labarin ya faro ne daga birnin Basel na ƙasar Suwizalan, inda aka kafa wata ƙungiyar mishan a 1815. A 1834 wakilanta suka sauka a Mangalor, lokacin yankin yana ƙarƙashin Turawan Ingila. Ba su jima ba suka ci karo da matsala. Duk wanda ya bi addininsu sai danginsa su yanke shi, ya rasa gado da sana'ar gidansu. Ala tilas 'yan mishan suka shiga nema wa mabiyansu abin yi. Da saƙa aka fara, sannan aka juya ga yumɓu.

Wanda ya buɗe wannan ƙofa shi ne Georg Plebst, wanda ya fara zuwa Indiya domin aikin maɗaba'a. Da ya je hutu Turai sai ya koyo dabarun gasa yumɓu, ya dawo ya gwada su da lakar bakin kogin Netravati. A 1865 aka buɗe masana'anta ta farko a unguwar Jeppu, da ma'aikata ƙalilan da shanu masu juya injin, ana fitar da tayil 360 a rana. Ƙasar kuwa ta ruwan sama ce mai yawa, don haka rufin da ba ya yoyo bai sha wahalar samun kasuwa ba. Aka buɗe reshe a Kalikut a 1873, aka yi ta ƙarawa har zuwa na Feroke a 1905, jiragen ruwa kuma suna kai kayan Silon da Gabashin Afirka.

A wannan zango na farko mallakar tana da sarƙaƙiya. A 1859 aka kafa kamfanin ciniki na mishan ɗin a Basel, mai masu hannun jari, bisa sharaɗin su karɓi ƙayyadadden kaso na riba, wani kaso kuma ya tafi aikin mishan. A 1882 aka danƙa masana'antun Indiya a hannun wannan kamfani. A takarda kamfanin na Suwizalan ne, amma yawancin 'yan mishan da ke filin aiki Jamusawa ne. Ma'aikacin da ke cuɗa laka kuwa, ko mai kwana yana hura wutar matoya, iyakarsa lada.

Shekaru da dama ba wanda ya damu da wannan bambanci na takarda da mutane, sai da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914. Suwizalan ba ta shiga yaƙin ba, duk da haka hukumomin Ingila suka ɗauki kamfanin a matsayin dukiyar abokan gaba. Aka tsare Jamusawan, aka fitar da su, daga baya aka ƙwace kadarorin kamfanin a Indiya da kuma Gwalkwas, wato Gana ta yau, inda yake da manyan kantuna. A 1919 aka kafa wani sabon kamfani a Landan mai suna Commonwealth Trust, aka miƙa masa dukiyar, da sharaɗin ribar masu hannun jari kada ta wuce kashi 5 cikin ɗari, rarar kuma a kashe ta wajen ayyukan jin ƙai. Matoya ba ta mutu ba, ma'aikata ba su sauya ba, amma an yi musu sabon ubangida a wata ƙasa ba tare da an tambaye su ba.

Mutanen Basel ba su haƙura ba. Da takardunsu na rajista suka yi ta kai ƙorafi, gwamnatin ƙasarsu tana mara musu baya. A 1928 aka mayar musu da kadarorinsu na Gwalkwas. Na Indiya kuwa ba su dawo ba har abada, sai diyya da aka biya a 1952, bayan fiye da shekara talatin ana jan magana. A nan ne labarin ya taɓo mu, domin daga wannan gida na Basel kamfanin UTC ya fito a 1921, ya shigo Najeriya a 1932, kuma dattawan da ke zaune a nan ba su manta da kantunansa ba.

Zango na uku ya zo ne bayan Indiya ta sami 'yancin kai a 1947. Masana'antun sun ci gaba da zama a hannun kamfanin Landan har shekara talatin bayan an sauke tutar Ingila. A 1973 majalisar Indiya ta yi doka da ta tilasta wa yawancin kamfanonin waje rage hannun jarinsu zuwa kashi 40 cikin ɗari, kuma a cikin wannan yanayi ne dukiyar ta koma hannun kamfanin Commonwealth Trust na Indiya a 1977. Sai dai 'yan ƙasa sun karɓi ragama ne a daidai lokacin da kasuwa ta fara juya baya: jama'a suka koma rufin kankare, yumɓu ya yi wuyar samu, itacen wuta ya yi tsada. Masaƙar kamfanin da ke Kalikut ta rufe a 2009, majalisar jihar Kerala ta zartar da dokar karɓe ta a 2012, amma sa hannun shugaban ƙasa bai samu ba sai 2018, ma'aikata suna zaune suna jira.

Kafin mu rufe, ga wani abin kwatance. A 1868, shekara uku kacal bayan buɗe Jeppu, wani ɗan Mangalor mai suna Alex Albuquerque Pai ya kafa tasa masana'antar tayil. Yaƙin 1914 bai raba ta da masu ita ba, dokar 1973 ma ba ta shafe ta ba, ta ci gaba a hannun zuriyarsa tsara bayan tsara. Ashe gaskiyar magabata ce, zanen aro ba ya rufe katara.

Jama'a, abin da muka tsinta a wannan waiwaye guda biyu ne. Na farko, takarda ba ta hana mai ƙarfi ƙwace, amma ita ce ta dawo wa mutanen Basel da haƙƙinsu. Da baki kawai suka dogara, da ko kwabo ba su gani ba. Na biyu, sana'ar da jarinta da hukuncinta suke wani gari, mutanen wurin 'yan kallo ne ranar da za a yanke makomarta, komai ƙwarewarsu. Don haka duk lokacin da muka haɗa kuɗi domin kafa wani abu, ko injin niƙa ne ko wurin buga bulo, mu fara rubuta sunan masu shi, da kason kowa, da abin da za a yi ranar da waɗanda suka kafa shi ba sa nan.