Kazar Marans: abin da ya kamata ku sani kafin ku saye ta

 

Yau hirarmu bisa wata kaza ce ta ƙasar Faransa da ake kira Marans, amma a bakin mutanen can za ku ji suna cewa "Maran". Wataƙila waɗansunku sun ga hoton ƙwanta a cikin waya: babban ƙwai, ja mai duhu kamar nunannen dabino. Kaza ce mai tsada. Shi ya sa muka ga ya dace mu gaya muku inda ta fito, da yadda masu ita ke kiwonta a bayan gida, domin kada wani ya yi cinikin biri a sama.

Marans sunan wani ƙaramin gari ne a yammacin Faransa, kusa da birnin La Roshel, ba nisa da teku. Ƙasar fadama ce, mai ruwa da ɗanyar ciyawa da sanyi. Da can jiragen ruwa na tsayawa a nan, matuƙansu kuma suna barin zakarun faɗa da suka zo da su, suna barbarar kajin gari. Cikin ƙarni na 19 aka ƙara musu jinin manyan kajin Asiya, irin su Langshan. A shekarar 1914 aka nuna wannan kaza a wani bajekoli a La Roshel. A 1929 masu kiwonta suka kafa ƙungiya, a 1931 kuma aka tsaida siffofin da ake gane ta da su.

To, mene ne siffofin? Zakara yana kai kilo 3 da rabi zuwa kilo 4. Kaza tana kai kilo 2 da rabi zuwa 3 da ɗan wani abu, watau kusan ninki biyu na kazarmu ta gida. Zankonta falle ɗaya ne. Ta asalin Faransa tana da ɗan gashi a gefen ƙafa, amma wadda ake kiwo a Ingila ƙafarta ba gashi. Launinta iri-iri ne. Wadda aka fi sani ita ce baƙa mai jan wuya kamar tagulla. Akwai wake-wake, akwai mai launin alkama, akwai fara. Takan fara ƙwai tana da wajen wata 6. In ta samu kulawa, tana yin ƙwai 150 zuwa 200 a shekara, kowane ɗaya garam 65 ko fiye. Kazarmu mai yawon tsince-tsince kuwa, da wuya ta wuce 50 a shekara, ƙwanta kuma bai cika wuce garam 40 ba.

Yanzu sai maganar launin ƙwan, tunda shi ne ke jawo mai saye. Wannan jan a bisa ɓawo kawai yake. Jikin kaza ne ke shafa shi kamar fenti a sa'o'in ƙarshe kafin ta saka. In kun goga sabon ƙwai da jiƙaƙƙen tsumma, za ku ga launin yana fita. In kun fasa shi kuwa, gwaiduwa da farin ruwan duk ɗaya ne da na sauran kaji; abin da kaza ta ci shi ke gyara cikin ƙwai. Kada wani ya ce muku magani ne. Kuma ku sani, ƙwan farko su suka fi duhu. Da tafiya ta yi nisa launin yana kodewa, sai ta zubar da gashi ta huta, sannan ya komo. Masu kiwonta a Faransa suna da ma'auni na launi daga 1 zuwa 9. Kazar da ƙwanta bai kai lamba 4 ba, ba sa lissafa ta cikin Marans, komi kyanta.

Ga babbar maganar da muke so ku riƙe: wannan launi gado ne, kuma gado ne mai saurin ɓacewa. Abinci ba ya kawo shi. Daga uwa yake zuwa, daga uba kuma yake zuwa. Saboda haka mai son riƙe irin, ga yadda ake yi:

1. A ware su a nasu shinge, zakara ɗaya da kaji 8 zuwa 10. Kada wani zakara ya shiga.

2. Kazar da ta yi cuɗanya da wani zakara, a jira mako 3 bayan an ware ta kafin a ɗauki ƙwanta don kwanci, domin irin zakaran farko yana daɗewa a jikinta.

3. A zaɓi ƙwan da suka fi duhu, masu kyan siffa, ba tsaga. Zakaran da za a bari shi ma ya kasance daga ƙwai mai duhu ya fito.

4. Kada a wanke ƙwan kwanci. A aje shi a wuri mai sanyi, kamar kusa da randa, kada ya wuce kwana 7.

5. A sake zakara bayan shekara ɗaya ko biyu, don kada ya yi ta barbarar ɗiyansa, iri ya lalace.

Ƙyanƙyasa kwana 21 ne, kamar kowace kaza. Marans takan yi kwanci wani lokaci, amma ba a dogara da ita. Kazarmu ta gida ta fi ta iya wannan aiki nesa ba kusa ba. Sai dai ƙwan manya ne: wadda ta saba rufe 12, ku sa mata 7 ko 8. Mai injin ƙyanƙyasa ya tsaida zafi wajen digiri 37 da rabi. Haska ƙwai da tocila don ganin ɗan tsako yana da wuya sabili da duhun ɓawon, sai da fitila mai ƙarfi a cikin ɗaki mai duhu.

Sai batun ci. Babban jiki, babban ciki. Kaza ɗaya tana cin wajen garam 130 a yini, watau kaji 10 suna tashi da kimanin rabin tiya kullum. Tsince-tsince kaɗai ba ya riƙe ta. Ga misalin haɗi: awo 6 na hatsi ko dawa ko masara, awo 2 na dusa, awo ɗaya da rabi na tunkuza, rabin awo na garin busasshen kifi. Tunkuzar da ta yi hunhuna guba ce, a zubar. A wani kwano dabam a sa dakakken ƙashi da aka ƙona, ko ɓawon ƙwai busasshe da aka niƙa. A ƙara da gara da ganyen zogala. Kowa ya lissafa wannan da abin da ke cikin rumbunsa tun kafin ya kai hannu aljihu.

Abu na gaba shi ne zafi. Mun ce kazar fadama ce mai sanyi. A nan kuwa, daga Tawa har Damagaram, zafin Afirilu da Mayu yana wuce digiri 40. Kaza mai nauyi da yawan gashi ita ce ke fara jigata: ta buɗe baki tana haki, ta saki fukafukai, ta rage ci, ƙwai ya ragu, wani lokaci ta faɗi matacciya. Akurkinta ya zama a inuwar itace, rufin ciyawa, da tagogi inda iska ke ratsawa. Kwano tsirara ba ya yi. Kada a wuce kaji 3 a kowace murabba'in mitir. Ruwa mai sanyi cikin kasko kada ya yanke, a ba da abinci da sassafe da kuma marece. Kwanci ma a bar shi sai zafi ya sauka.

Game da cuta, tsada ba ta kare kaza. Annobar nan ta Niyukasal, wadda ke share kajin gari lokacin hunturu, ba ta barin baƙuwa. A yi rigakafi kafin sanyi ya shigo. Wanda ake ɗigawa a ido ana sake shi kowane wata 4. Duk sabuwar kaza a tsare ta ita kaɗai mako 2 zuwa 3 kafin ta gamu da na gida. Ba mu manta da murar tsuntsaye da ta ɓulla a Magarya a 2006 ba. In kun ga kaji suna mutuwa da yawa farat ɗaya, kada ku kai sauran kasuwa, ku shaida wa likitan bisashe nan da nan. A riƙa duba gashin ƙafarta kuma, don ƙwari suna son ɓuya a nan.

Wani zai ce: to, in na sa zakaran Marans cikin kajina na gida fa? Ana yi. Ɗiyan za su fi uwayensu jiki da girman ƙwai, su kuma fi ubansu jure zafi. Amma ƙwansu ba zai yi wannan duhun ba, kuma ba daidai ba ne a saida su da sunan Marans. Sai an fidda zakarun gida tukuna, in ba haka ba aikin banza ne. A bar waɗansu kajin gida tsantsa saboda kwanci da reno.

Daga ƙarshe, mai niyyar saye ya lura. Ko a kasuwannin Faransa ana saida ruwa-biyu da wannan suna. Ba kowace baƙar kaza mai jan wuya ba ce Marans. Ku ce a nuna muku uwayen, a nuna muku ƙwan da suka saka, a gaya muku rigakafin da aka yi. Wanda ke da inuwa da ruwa da hatsin da zai ba ta, ya fara da kaɗan, ya ga yadda za su ƙetare bazara ɗaya. Wanda ba ya da su kuwa, ya sa kuɗin nan wajen rigakafi da akurki da ɗan ƙarin abinci ga kajin da ke gidansa. Zai ga amfani tun cikin shekarar.

Mai sauran tambaya ya je ma'aikatar kiwo mafi kusa da shi. Allah ya albarkaci kiwonmu, ya ba mu damina mai albarka.