Wa Za Mu Tambaya Idan Famfon Ƙauyenmu Ya Lalace?

  

Yau maganar ƙaramar hukuma za mu yi. Na san wata za ta ce, “To malama, ni da ko ƙofar gida ba na leƙawa, ina ruwana da sakatariya?” Ki ɗan saurara tukuna. Ranar da famfon tuƙa-tuƙa na unguwarku ya tsaya, wa ke fara ji a jikinsa? Ke ce mai randa. 'Yarki ce za ta ɗauki bokiti ta nufi rafi tun da sassafe, ta rasa makarantar ranar. Ranar da naƙuda ta zo cikin dare aka tarar da ƙaramin asibitin garinku a rufe, ke ce a kwance. Mu kan ce “gwamnati ta manta da mu” mu yi shiru. Amma gwamnati hawa uku ce, akwai ta tarayya, akwai ta jiha, akwai ƙaramar hukuma, kuma idan ba ki san ƙofar da za a ƙwanƙwasa ba, kuka zai ƙare a tsakar gida.

Nijeriya tana da ƙananan hukumomi 774. Kano tana da 44, Katsina 34, Jigawa 27, Sakkwato da Kaduna 23 kowace. Tsarin da muke kai ya samo asali ne daga garambawul ɗin shekarar 1976, lokacin da aka ajiye tsarin En'e na da. Kowace ƙaramar hukuma tana da ciyaman, sannan an raba ta mazaɓu-mazaɓu, kowace mazaɓa da kansilanta. A nan ne da yawanmu muke rikicewa. Hakimi da dagaci da mai unguwa iyayen ƙasa ne, suna sulhu, suna kai koke, ana jin maganarsu, amma kuɗin aiki ba a hannunsu yake ba. Kuɗin yana sakatariya, kuma kansila shi ne wakilinku a majalisar da ke amincewa da kasafin kuɗin shekara. Yanzu ki tambayi kanki, kin san sunan kansilan mazaɓarku? In ba ki sani ba, yau da dare ki tambayi maigida.

Kundin tsarin mulki na 1999 ya jera ayyukan ƙaramar hukuma ɗaya bayan ɗaya. Akwai kula da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka, da maƙabartu, da ƙananan hanyoyi da magudanan ruwa, da kwashe shara. Sannan ya ce za ta sa hannu wajen makarantun firamare da yaƙi da jahilci, da kiwon lafiya, da bunƙasa noma. Kin ga ke nan kwalbatin da ruwa ya cinye har mota ba ta shiga garinku da damina, da ajin da iska ta yaye wa rufi, duk suna da mai su.

To kuɗin fa? Duk wata ana zama a Abuja a raba kuɗin asusun tarayya, ƙananan hukumomi suna samun kashi 20.6 cikin ɗari, ban da rabonsu na harajin kayan masarufi. Ba sirri ba ne. Tun shekarar 2004, lokacin da Ngozi Okonjo-Iweala take ministar kuɗi, aka fara buga abin da kowace jiha da ƙaramar hukuma ta samu a jaridu, yanzu kuma ɗanki mai waya zai iya dubo miki a intanet. Sai dai shekara da shekaru kuɗin ba ya zuwa kai tsaye. Yana biyawa ta wani asusun haɗin gwiwa da ke hannun jiha, inda ake cire albashin malaman firamare da wasu abubuwa, abin da ya rage shi ke isa sakatariya. Shi ya sa za ki ji ciyaman yana cewa bayan albashi ba abin da ya saura. Wani lokaci gaskiya ya faɗa, wani lokaci kuma ya samu inuwar fakewa ne.

Ranar 11 ga Yulin 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓun shugabanni ya naɗa kantomomi. An yi murna sosai. Amma har cikin shekarar 2025 an yi ta ja-in-ja a kan aiwatar da hukuncin. Ni a ganina, ko da kuɗin ya iso cif-cif, in ba mai tambayar inda ya shiga, sauya hannu kawai aka yi. Masu tambayar kuwa mu ne, mutanen mazaɓa.

Kada kuma ki ɗauka ke ba ki biyan haraji. Ƙuli-ƙulin da kika soya, da man gyaɗar da kika matse, da akuyar da kika ba ɗanki ya kai kasuwa ranar ci, duk ana karɓar kuɗin shiga a kansu. Ki ce wa yaron ya riƙa karɓo rasit. Kuɗin da aka karɓa ba rasit, da wuya ya ga asusun hukuma.

Mu koma kan famfo. Rijiyoyin burtsatse masu haƙa su da yawa: wata ƙaramar hukuma ce, wata hukumar samar da ruwa a karkara ta jiha, wata ɗan majalisa, wata ƙungiyar agaji. Yawanci akwai allo ko rubutu a jikin siminti da ke nuna wanda ya yi. Ki aiki yaro mai karatu ya karanto miki. Sau da yawa kuma ɓarnar ba ta taka kara ta karya ba, roba ce ta cinye ko sarƙa ta tsinke. Irin wannan gyara, a tsari, na kwamitin ruwa na unguwa ne, wanda ke tara 'yan kuɗi daga gidaje. Idan mata ashirin za su iya riƙe adashi shekara guda ba a ji kansu ba, za su iya riƙe asusun famfo. Babban gyara, kamar zaro bututu ko sake haƙa, shi ake kai wa sashen ruwa da tsafta na ƙaramar hukuma ta hannun kansila.

Maganar asibiti ta fi wannan nauyi, don rai ne. A dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 an ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko, da nufin kowace mazaɓa ta samu aƙalla asibiti ɗaya mai aiki. Wani ɓangare na kuɗin yana shiga asusun asibitin kansa, don magani da ƙananan gyare-gyare. Akwai kuma kwamitin ci gaban mazaɓa da ke sa ido a kai, kuma ƙa'idarsa ta tanadi kujerun mata. To wace ce ke zaune a kujerar a mazaɓarku? A wurare da dama suna kawai aka rubuta don a cika takarda, mai sunan ma ba ta san ranar taro ba. Alhali ita ce ya kamata ta faɗa wa maza abin da kunya ke hana mu faɗa, cewa babu ma'aikaciya mace da dare, babu labule a ɗakin haihuwa, babu ruwa a banɗaki.

Yanzu ta yaya mai kulle za ta isar da saƙo ba tare da ta saɓa wa mijinta ba? Hanyar farko shi ne maigidan kansa. Ki samu lokacin da ya ci ya natsu, ki ce, “Malam, don Allah in kun haɗu da kansila a masallaci ranar Juma'a, a tuna masa da famfon nan.” Bayan shi akwai matan da ke shigowa har ɗakinki: ungozoma, da jami'ar rigakafi mai bi gida-gida, da malamar Islamiyya, da dattijuwar da ke cikin kwamitin kula da makarantar firamare. Matar kansilan ma kuna haɗuwa a gidan suna da gidan biki.

Amma maganar baki tana bin iska. Ku haɗu ku sa a rubuta takarda, gajeriya, abu ɗaya tak a ciki, da kwanan wata, da sunan unguwa, da ranar da famfon ya tsaya. Wadda ba ta iya sa hannu ba ta dangwala yatsa. A yi kwafi uku, ɗaya ga kansila, ɗaya ga dagaci, ɗaya kuma a kai sakatariya a buga mata hatimi a dawo muku da ita ku adana. Lokaci ma yana da muhimmanci. Ana shirya kasafin shekara mai zuwa ne a watannin ƙarshen shekara, wato daidai kaka. Takardar da ta isa bayan an rufe kasafi, amsarta ita ce “sai baɗi”.

Zaɓen ciyaman da kansila kuma hukumar zaɓe ta jiha ce ke shirya shi, ba ta ƙasa ba, ko da yake katin zaɓenki ɗaya ne. Shi ne zaɓen da muka fi rainawa, kuma shi ne wanda mai cinsa yake kwana a garinku. Idan aka aiko muku da sabulu da turmin atamfa, ku aika da tambaya ta hannun wadda ta kawo: famfon unguwarmu da ma'aikaciyar dare a asibiti, yaushe?

Lokaci ya ƙure mana. Wadda aka kai takardarsu sakatariya, ta sa a rubuto mana amsar da aka ba su, za mu karanta a shiri na gaba in Allah ya kai mu. A gaida yara. Wassalamu alaikum.