Babban Jirgin Su a Fadamar Haɗejiya: Nagartarsa da Naƙasarsa



1. Gabatarwa

Kalmar "jirgi" ta riga jirgin ƙasa da jirgin sama zuwa ƙasar Hausa. Tun asali abin da Bahaushe yake nufi da ita shi ne kututturen itacen da aka fafe ana ƙetare kogi a cikinsa, daga baya ne aka ara wa na ƙasa da na sama sunan. Wannan lacca za ta koma ga jirgi na asali, ta dubi sabon samfurinsa da ya shigo hannun masunta, watau babban jirgi mai faɗin ciki wanda ake haɗawa da katako a ɗaura masa inji a baya, da kuma ɗan'uwansa na faiba wanda hukumomi kan saya su raba a wuraren da ambaliya ta yawaita. Tambayar da za a bi ita ce, shin ƙirarsa ta dace da ruwan Haɗejiya?

2. Ruwan da Jirgin Zai Shiga

Ba a auna jirgi a kan tudu, saboda haka sai a fara da ruwan. Kogin Kano da na Challawa su ne suke haɗuwa su zama Kogin Haɗejiya. Da ya wuce birnin Haɗejiya sai ya tarar da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai jigayi, ya rarrabu rassa-rassa, daga ciki akwai Marma wadda take zuba a tafkin Nguru, da kuma Burum Gana. Can wajen Gashuwa ruwan yake gamuwa da na Kogin Jama'are, su zama Kogin Yobe mai zuba a Tafkin Cadi. Kogin yana cika ne a watannin Agusta da Satumba, ya malale fadamun Auyo da Kirikasamma da Guri, kifi ya bi shi cikin ciyawa ya yi ƙwai ya hayayyafa. Idan kaka ta yi ruwa ya fara janyewa, kifi ya taru a ƙoramu da tafkuna, to, a nan ne su yake kankama.

Wannan tsari ya canza. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Kafin Tiga ambaliya takan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000 a shekara mai ruwa, amma a shekarun da suka biyo baya sau da yawa ba ta kai rabin haka ba. Har ila yau, ruwan da ake saki daga madatsun da rani ya hana wasu rassa ƙafewa kamar yadda suka saba, sai ciyawar kacala ta sami wurin zama, ta riƙe yashi da laka, ta toshe hanyoyin ruwa. Ashe ke nan ruwan da sabon jirgi zai shiga ba shi da zurfi, yana da ƙunci da ciyawa, kuma cikarsa ta 'yan watanni ce.

3. Nagartar Ƙirarsa

Abu na farko da ya kamata a yaba wa wannan jirgi shi ne ɗaukar kaya. Ƙa'idar ita ce, jirgi yana nitsewa har sai ruwan da ya ture ya yi nauyi daidai da nasa, kuma ruwan da ya cika akwati mai mita ɗaya ta kowace fuska nauyinsa tan ɗaya ne, watau kilo 1,000. Alal misali, a ɗauki jirgi mai tsawon mita 10 da faɗin mita 2. Tun da goshinsa da bayansa sun tsuke, a ƙaddara shimfiɗarsa a kan ruwa murabba'in mita 15 ce. Irin wannan sai an ɗora masa kilo 1,500 kafin ya ƙara nitsewa da santimita 10. Kwalekwale kuwa mai tsawon mita 5 da faɗin rabin mita, kilo 200 ko kusa da haka ya isa ya nitsar da shi gwargwadon wannan. Watau babban jirgi yana ɗaukar ninki bakwai na kayan ƙaramin ba tare da ya nemi ƙarin zurfi ba.

Na biyu, faɗinsa da shimfiɗaɗɗen gindinsa suna ba shi natsuwa. Masunci yana iya miƙewa tsaye ya jefa birgi, ko mutum uku su ja taru daga gefe guda, jirgin bai karkata ƙwarai ba. Duk wanda ya taɓa shiga fafaffen kwalekwale ya san yadda motsin mutum ɗaya yake girgiza na ciki duka.

Na uku, ƙirar katako ta raba girman jirgi da girman itace. Fafaffen kwalekwale ba ya wuce kaurin maɗaci ko kawon da aka sare, ga shi kuwa manyan itatuwa sun yi ƙaranci a arewa. Kafinta yana iya haɗa katako ya fitar da tsawo da faɗin da ake bukata, in allo ɗaya ya ruɓe a cire shi a sa wani, in ya tsage a cusa auduga ko tsumma a shafe da kwalta. Irin wannan sana'a ta daɗe da kafuwa a Yawuri a bakin Kwara, haka kuma a Tafkin Cadi jirgin katako ya ture jirgin ciyawa da Buduma suke ɗaurawa.

Na huɗu shi ne sauri. Kifi ba ya jira, musamman a zafin wannan yanki. Abin da ba a kai kasuwa da wuri ba sai a yi bandarsa ko a yi asararsa. Inji yana sa tarwaɗa da karfasa su iso bakin hanyar mota da sauran ɗanyantakarsu.

4. Naƙasar Ƙirarsa

Amma fa kowace nagarta da aka lissafa tana tafe da farashinta. Gindin jirgin ba ya neman zurfi, ƙafar inji kuwa tana nema, domin farfela tana zama ƙasa da gindin jirgi. A ruwa mai kacala da gansakuka farfela takan naɗe ciyawa, ramukan da inji yake shan ruwan sanyaya kansa su toshe da laka, ya yi zafi ya tsaya. Daga nan sai a koma ga sandar tuƙi, kuma tura jirgi mai nauyin tan biyu da sanda ba wasa ba ne. Idan ya dafe a kan yashi sai an tara jama'a, alhali kwalekwale mutum biyu suna jansa su tsallake jigawa da shi zuwa wani tafki. Faɗin nan da ya ba shi natsuwa shi ne kuma yake hana shi ratsa 'yar hanyar da masunta suka sara a cikin kacala.

Natsuwar ma tana da yaudara. Jirgi mai shimfiɗaɗɗen gindi ba shi da ƙashin baya da zai kama ruwa, saboda haka iska takan tura shi a kaikaice. Idan kuma ruwa ya taru a cikinsa ba a kwarfe ba, da ya ɗan karkata sai ruwan duka ya gangara gefe guda ya ƙara danne shi. Faɗin ciki yana kuma jawo lodi fiye da kima, har tazarar da ke tsakanin bakin jirgi da fuskar ruwa ta koma 'yan yatsu. Jama'a ba su manta da hatsarin Warra a Jihar Kebbi a watan Mayu na 2021 ba, da na Bagwai a Jihar Kano a watan Nuwamba na shekarar, inda aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya. Waɗannan jiragen fito ne, amma a fadama jirgin su shi ne jirgin fito ranar kasuwa.

Jirgin faiba yana da tasa matsalar. Ba ya ruɓewa, gara ba ta cinsa, amma faiba ta fi ruwa nauyi. In ya cika da ruwa nitsewa yake yi, sai fa in an gina masa rufaffun akwatunan iska ko an cusa masa soso mai yawo a kan ruwa. Na katako sau da yawa yakan tsaya a fuskar ruwa ko ya cika, mutane su sami abin kamawa. Bugu da ƙari, in faiba ta fashe kafintan ƙauye ba shi da kayan gyaranta.

Sai batun kuɗi. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kowace fita da inji sai an yi lissafi. Jirgin da aka saya da tsada, wanda zurfin ruwa yake ɗaukarsa wata uku ko huɗu kawai, sauran shekara yana kife a gaɓa rana tana tsaga shi. Mai shi kuwa dole ya mayar da kuɗinsa, kuma hanya mafi sauƙi ita ce babban taru mai ƙananan idanu wanda yake kwashe uwa da 'ya'ya. Dokar su ta ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta hana irin wannan, sarakunan ruwa ma tun dā suna da lokacin buɗe tafki da lokacin rufe shi, amma wanda bashi ya kama ba ya jin kira. A nan ne illar jirgin take wuce mai shi, ta shafi mai gura da mai homa da mai hawa gora, waɗanda abincinsu yake cikin ruwan guda.

5. Abin da Ya Kamata

Idan aka ɗora waɗannan a ma'auni, za a ga babban jirgi ya fi dacewa da jigila a kan kamun kifi. Aikinsa shi ne ya tsaya a babban reshe ya karɓi kifi daga ƙananan kwalekwale ya kai bakin hanya, ya kuma kwashe mutane da hatsi lokacin ambaliya irin ta 2020 da 2022, wadda ta cinye gonaki da gidaje a masarautar Haɗejiya. Wannan aiki ya fi kyau a hannun ƙungiyar masunta, domin a raba nauyin mai da gyara.

Ga maƙera jirgin kuma akwai gyare-gyare masu sauƙi. A rage faɗinsa daidai da hanyoyin ruwan da zai bi. A zaɓi ƙaramin inji wanda ake iya ɗage ƙafarsa in an shiga ciyawa. A gina akwatunan iska a goshi da baya, a shata layi da fenti a jikinsa wanda in ruwa ya taɓa shi an daina lodi, a kuma ajiye rigunan kariya gwargwadon mutanen da zai ɗauka. Kafin a sayo jirgi daga nesa, a zauna da Sarkin Ruwa da kafintocin wurin, domin su ne suka san inda yashi yake da inda kacala ta rufe.

6. Kammalawa

Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Girman jirgi ba ya ƙara kifi ko ɗaya a cikin kogi. Abin da yake ƙara kifi shi ne ambaliya mai isa a kan lokacinta, da buɗaɗɗun hanyoyin ruwa, da barin ƙanana su girma. Saboda haka maganar jirgi ba ta rabuwa da maganar yadda Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, take sakin ruwa daga Tiga da Challawa, da kuma aikin share kacala. In an gyara wannan, ƙarami da babban jirgi kowanne zai sami aikinsa.

Allah ya kiyaye masu shiga ruwa, ya sa albarka a cikin sana'arsu.